Man Gyaɗa a Cikin Injin Yankan Ciyawa

Shekarun baya, ba da jimawa ba bayan Nasara sun miƙa mana ƙasa, na yi wa abokina laifi, kuma ni ne ba ni da gaskiya. Na fara da wannan ne don na san halina. In na shiga labarin yadda na tayar da injin nan, sai in yi ta cika baki har ku ɗauka ni ne gwarzo. To, injin dai na tayar da shi, wannan ba mai ƙwace mini. Amma ni na kashe shi tun farko.

Lokacin ina saurayi, ina da rumfar gyaran kekuna a bakin kasuwar Dogon Dutsi. Karatuna bai yi nisa ba. Na taɓa yin karen mota na rani guda a wata babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, na dawo gida ina jin babu injin da zai gagare ni. Gaskiyar magana, yawancin aikina a motar nan ɗebo ruwa ne da sa itace a bayan taya.

Abokina Bafillace ne, ni kuwa Ba'are. Wanda ya san ƙasarmu ya san tsakanin Ba'are da Bafillace wasa ne tun kakanni. Ka zage shi ya zage ka, ka ɗora masa laifin da bai yi ba a gaban jama'a, shi ma ya ɗora maka, wanda ya yi fushi shi ake wa dariya. Ban taɓa kiransa da sunansa ba, Bahillace nake ce masa, shi kuma ya ce mini bawansa.

Ciwo ya share garken mahaifinsa, ya bar masa shanu biyu da tsohuwa mai ciwon ƙafa, don haka bai iya bin 'yan'uwansa daji ba. Sai ya samu aiki a masaukin baƙi da ke bakin babbar hanya, wanda muke ce wa kampama. A gaban masaukin akwai fili mai ciyawa, kuma Nasaran da ya riƙe wurin ya tafi ya bar wani ɗan inji ja mai ƙafa huɗu, ana jan igiya ya tashi, ana tura shi yana aske ciyawar. Abokina shi ne mai tura shi. Yakan ce, "Nasara ko akuya ba shi da ita, amma shina aske ciyawa awa kan jinjiri." Shi kuwa aikin ya yi masa daidai. Ga albashi da yake tarawa don ya sayi karsana, ga ciyawar da injin ya yanke, duk ta shanunsa ce.

Sabon mai gidan masaukin baƙo ne daga ƙasashen bakin teku. Mutum ne mai tsabta da son aiki, Hausarsa kaɗan-kaɗan, kuma bai san mu ba tukuna.

Wata rana da damina abokina ya zo rumfata da galan na isansi, wato fetur. Injin ba ya shan isansi tsura, sai an gauraya masa da man inji, kamar ƙaramin babur ɗin nan da muke ce wa mobilet.

"Kai bawana, man da Nasara ya bari ya ƙare. Tun da ka ce ka san kan inji, gama mini."

Ba ni da man inji ko ɗigo. Mai kantin da ke sayarwa ma ba shi da shi, ruwa ya yanke hanya, mota ba ta zo ba. Abin da ya kamata in ce shi ne babu. Amma akwai mutane zaune a rumfar, kuma na sha gaya musu cewa ni da inji ba a shiga tsakaninmu. Na ce, "Aje nan, ka komo da la'asar."

Mahaifiyata mai ƙuli-ƙuli ce, gidanmu ba ya rabuwa da man gyaɗa. Na shiga ɗakinta ba ta nan, na ɗauki kwalba na tsiyaya a galan, na girgiza. A raina na ce, ai mai duk mai ne.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, injin ya tashi lafiya lau. Washegari abokina ya biyo yana dariya.

"Mi ka zuba ma injin ga? Hayaƙinai ƙamshin ƙosai shikai. Ina turawa yunwa na kama ni."

Na ce, "Sabon man Faransa ne, baƙauye. Kai mi ka sani?"

Ya yi ta aiki da galan ɗin. Sannu a hankali injin ya fara tari, sai an ja igiya an gaji kafin ya amsa. Aka yi wani ruwa na kwana da kwanaki ba a taɓa shi ba. Da rana ta fito aka ja igiya, shiru. Aka ja har hannu ya yi kanta, shiru.

Mai gida ya aiko a kira ni. Na iske shi tsaye a kan injin, ga kuku, ga mai gadi, ga abokina. Mai gadi yana ta cewa shi tun farko ya faɗa, doguwa, aljanar tsamiyar da ke filin, ba ta son ƙara, ita ta riƙe shi. Na buɗe tanki na sunsuna. Warin tsohon mai na kaskon suya ne ya daki hancina.

Mai gida ya ce, "Mene ya kashe shi?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Mai gida, kai ma ka ba Bahillace inji? Wanga mi ya sani in ba saniya ba? Man shanu ya shayar da shi don shi yi ƙiba."

Kuku ya fashe da dariya, mai gadi ma. Abokina ya fi kowa dariya. Ya ce, "Ji bawan banza! Man shanu ya hi ƙarfinka, bale inji."

Mai gida bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a bakin tankin, ya fito da shi yana danƙo, ya kai hanci. Ya juya wajen abokina ya ce, "Kai ka zuba man abinci a nan?"

Shi kuwa har lokacin yana cikin wasa, don a wurinmu in abokin wasa ya jefo maka magana, karɓa kake ka ƙara mata gishiri. Ya ce, "I mana, ni na zuba. Har da nono na ƙara mai."

Mai gida ya ce ya ajiye makullin ɗakin kaya ya tafi. Kuku ya yi ta cewa, "Wasa ne, mai gida, wasansu ne na gado." Ya ce inji ba abin wasa ba ne, mutum ya amsa da bakinsa, ga kuma mai a yatsansa.

A nan dariya ta ƙare. Abokina ya dube ni. Ya san wanda ya gama man. Bai ce komai ba, don irinsu ba sa tona aboki a gaban baƙo. Jira yake in yi magana. Ni kuwa na sunkuya ina ta taɓa igiyar injin kamar ina binciken wani abu. Ya ajiye makulli, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Zuba man gyaɗa wauta ce. Shirun nan shi ne laifin.

Na roƙi mai gida ya ba ni injin in gwada. Na ce in ya tashi, a mai da abokina. Ya ce in tashe shi tukuna. Yana cikin damuwa, don bikin 'yancin kai ya matso, manyan baƙi za su sauka, ciyawa ta kusa gwiwa, kuma in an aika neman kayan gyara daga Faransa sai bayan kaka za su iso. Na turo injin ta tsakiyar gari har gidanmu, mutane suna tambayata ko amarya na ɗauko.

Direban da na yi wa karen mota ya taɓa gaya mini abu ɗaya da na riƙe: inji wuta yake so, da mai, da numfashi, in ya ƙi tashi ɗayansu ne babu. Na shimfiɗa tabarma a zaure na fara da wuta. Na kwance buji, wato ɗan abin da ke ba da tartsatsi, na same shi baƙi ƙirin ya daskare. Don in tabbata wuta na zuwa, na riƙe wayar da hannu na ja igiya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin ƙofa ba. Wuta kam akwai.

Na koma kan mai. Na kwance karbireta, inda isansi ke gauraya da iska, na iske cikinta kamar an narka ƙaro an zuba. Na jiƙa ta a kananzir, na wanke da gashin kaza. Akwai wata 'yar kafa da mai ke bi, ƙanƙanuwa, allura ma ba ta shiga. Na warware wayar birkin keke na zare sili guda, da shi na buɗe ta. Da na ɗaga na hango haske ta ciki, sai na ji kamar na gama. Na mayar na ja igiya. Shiru.

Saura numfashi. Na toshe ramin buji da babban yatsa na ja igiya. Inji mai lafiya ture yatsan yake yi. Wannan ko motsi. Dole na buɗe kansa, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na jera kowane ƙusa a kan tabarma yadda na cire shi, don kada in ruɗe. Na fito da fistan, na ga zobban ƙarfen da ke kewaye da shi sun manne a cikin raminsu, man gyaɗa ya toye ya riƙe su. Na ɗaya ya fito da lallashi. Na biyu na sa masa bakin wuƙa, ya ce ƙas, ya rabu biyu. Takardar da ke tsakanin kan injin da jikinsa ita ma ta yage.

Ina zaune ina kallon guntayen zoben sai mahaifiyata ta shigo zauren da tsintsiya. Ta tsaya. Ta ɗauki fistan ɗin ta sunsuna.

"Wanga man gidan ga ne. Na san suyata."

Ta ɗago ta dube ni.

"Shi ya sa kwalbata ta yi ƙasa, ina ta zargin kaina da mantuwa. Kuma ɗan mutane anka kora?"

"Inna, in na gyara za a mai da shi."

"To gyara," in ji ta. "Ƙarfe dai ka iya lallashi." Ta ajiye fistan ɗin ta wuce, ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma tuwona ya daina zuwa da man gyaɗa a kai.

Daga nan aka shiga neman kaya. Akwai wani Kirista ɗan unguwarmu mai kula da injin ruwa a mishan. Ya ba ni buji na tsohuwar mobilet, muka gwada ya zauna daidai. Zobe kuwa ba shi da shi. Ya ce kada in yarda in auna da zare, in ɗauki fistan ɗin da silindarsa, wato bututun da yake kai-komo a ciki, in tafi da su duk inda za ni. Ya ce ya ji wani mai sayen gyaɗa a Tibiri yana da mataccen injin ruwa.

Na naɗe su a tsumma na ɗaure a bayan keke. Wanda ya san hanyar Tibiri da damina ya san rabin tafiyar kai ke ɗauke da keken. Na isa, mutumin ya karɓe ni da kirki, ya bar ni na kwance injinsa. Zobensa ya yi girma, fistan ɗina ya faɗa ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babba. Ya ce tun da na zo nan, in ƙarasa Birnin Kebbi, can akwai babura da yawa.

Na ƙetara iyaka. A kasuwar can na sha dariya, don sunayen da na sani na Faransanci ne, su kuma na Ingilishi suke kira. Da na gaji sai na daina magana, ina buɗe tsumma kawai in nuna. Aka kai ni wurin wani dattijo mai tsofaffin ƙarafa a gindin bishiya. Ya juye mini kwano guda na zobba a ƙasa ya ce in zaɓa. Na zauna ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya har inuwa ta juya. Daga ƙarshe na samu na wani babur, kaurinsa daidai da ramin, sai dai bakinsa biyu suna hawa juna in an sa shi cikin silinda. Dattijon ya ce, "Wannan naka ne. Ka ci bakin da zarto, amma a hankali. Abin da ka cire ba ya dawowa."

Ya ƙi karɓar kuɗinmu na Faransa, ya ce famfon kekena yake so. Na ba shi. Kamar jira ake, ban yi nisa da barin gari ba ƙaya ta huda mini taya. Na cire tayar na cusa mata ciyawa har ta cika, na hau. Haka na dawo Dogon Dutsi ina tsalle a kan sirdi, bayana duk ya mutu.

Gyaran bakin zoben nan shi ne aikin da na fi alfahari da shi a duk rayuwata. In goga sau biyu, in sa a silinda, in duba, in fitar. Ba ni da abin awo, sai na ce in reza ta shiga tsakanin bakin biyu da ƙyar, ya isa. Ina bi a hankali, don na san babu wani zoben daga nan har inda ƙafata za ta iya kaiwa. Da rezar ta shige tana ɗan kamawa, na ajiye zarto na yi hamdala. Takardar kan inji kuwa kwalin sukari na samu mai kauri, na ɗora a bakin silinda, na bi gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa har siffar ta fito, na yanke na shafa mata mai. Lokacin hanya ta buɗe, man inji na gaske ya iso kanti. Na wanke tanki sarai, na gama sabon isansi.

Na fito da shi ƙofar gida da hantsi. Ja na farko, shiru. Na biyu ya yi atishawa. Na gyara tsayuwa na ja da duk ƙarfina, sai ya kama. Jama'a, ƙarar nan har yau tana kunnena. Awaki suka tsinke igiya, maƙwabta suka fito, wani tsoho ya jefar da butarsa. Hayaƙi shuɗi mai warin inji, ba na ƙosai ba. Mahaifiyata ta leƙo ta toshe kunnuwa, ta yi ƙoƙarin ɓoye murmushi ba ta iya ba.

Na tura shi kampama na aske layi guda a gaban mai gida, daga bakin ƙofa har gindin tsamiya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana girgizawa. Sai ya ce, "Aikin naka ne. Kai ka san inji. Wancan ya koma wajen shanunsa."

Ba zan ɓoye muku ba, sai da raina ya so. Albashin wata ba abin rainawa ba ne ga mai facin taya. Amma na ga ashe gyaran da na sha wahala a kansa zai zama hanyar da zan gaje abokina da ransa. Na ce wa kuku ya matso ya fassara, don kada kalma ta ɓace. Na ce ni na zuba man, man gyaɗar uwata ne, abokina bai sani ba, kuma abin da ya faɗa ranar nan wasan gado ne, na fake a bayansa.

Mai gida ya saurari kuku har ƙarshe. Ya ce, "To me ya hana shi faɗa?"

Kuku ya ce, "Hakanan suke, mai gida."

Ya girgiza kai ya ce in je in kira shi ya kama aikinsa, ni kuma kada in ƙara taɓa tankin nan sai yana tsaye.

Injin ya yi shekaru yana aiki da zoben babur da kwalin sukari. Daga kansa mutane suka fara kawo mini mobilet da injin niƙa, har na bar gyaran keke, na ci abinci da wannan sana'a na aurar da 'ya'ya. In na tuna, daɗi nake ji, ba na musu. Sai dai tun daga lokacin nake kiyaye wasan nan namu. Abu ne mai kyau, ya hana faɗa da yawa a ƙasarmu, har yau ina yin sa. Amma ni na ga yadda matsoraci zai iya shiga cikinsa ya ɓuya, kowa na dariya, wani na asarar abincinsa.

Na iske abokina a bayan gari, yana bin gefen gonakin mutane da lauje yana tara wa shanunsa ciyawa. Ya rame. Na ce, "Bahillace, mai gida na kira, ka koma aikinka. Kuma ka yi haƙuri, ni na..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya yi dariya ya ce, "Ba'are na ba da haƙuri? Yunwa ce. Taho a dama ma hura, bawana."

Na sake farawa, ya sake mai da shi wasa. Sai na gane muddin ina tsaye ina ce masa Bahillace, duk abin da na faɗa wasa ne, ƙofar da na shiga na cuce shi ita ce ta hana ni ba shi haƙuri. Na cire hulata. Na tuɓe takalma. Na durƙusa a gabansa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na kira shi da sunansa na yanka, wanda tun muna yara bai taɓa ji a bakina ba.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya sauke laujen.

Na ce, "Yau ba wasa na zo yi ba. Ni na zuba man, ka sani, na sani. Ka dube ni ranar nan kana jira, na sunkuyar da kai na bari aka kore ka. Ka rufa mini asiri, ni na bar ka a rana. Ban da hujja ko guda. Don Allah ka yafe mini."